Marigayin da Ba Shi da Takwara

A gidanmu ba a barin sunan mamaci ya kwanta. Kakanmu ya rasu cikin azumi, kafin babbar Sallah an haifi namiji an mayar masa da sunansa, har yau Abba ake ce wa yaron ga shi da furfura. Kakarmu takwarorinta huɗu, sai an haɗa da sunan unguwa kafin a gane wacce ake nufi. Ko yayarmu da ta koma tun ba a yaye ta ba, an mayar da sunanta. Mutum ɗaya ne aka tsallake, baffana, ƙanin mahaifinmu uwa ɗaya uba ɗaya. Ya fi shekara 30 da rasuwa, maza sun fi ashirin da aka yanka wa rago a zuriyar bayansa, ko ɗaya ba a raɗa masa sunansa ba. Ba wanda ya taɓa hanawa, ba a kuma taɓa zama aka yanke shawara ba. Idan an zo zaɓen suna sai kowa ya kewaye shi kamar yadda ake kewaye tsohuwar rijiya da daddare.

Akawu ne, mai kyawun rubutu da son yara. Abin da na fi tunawa da shi alawar da yake ciro mana daga aljihu, da ƙanshin kanumfari da ba ya rabuwa da bakinsa. Sai da na girma na gane aikin da kanumfarin yake yi. Ya koyi giya a wani garin bariki da aka tura shi aiki, wajen abokai masu cewa kwalba ɗaya ce ta wanke gajiya. Da aka dawo da shi gida ya dawo da ita. Albashi ya riƙa ƙarewa kafin goma ga wata, sannan rediyo ta tafi, keke ya bi ta, kwallayen matarsa suka riƙa raguwa daga saman kabad ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe aikin ma ya tafi. Mu yara idan muka ji hayaniya daga sashensa, sai a kaɗa mu ɗaki a ce Baffa ba ya jin daɗi. Wata safiya aka ce ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Aka yi masa sutura cikin gaggawar da ko ni mai shekara tara na lura da ita, mutane ba su taru kamar yadda aka saba ba, limamin unguwa kuma bai fito ba, wani almajirinsa ya turo. Ina da shekara 24 na ji gaskiya, a bakin wata maƙwabciya da faɗa ya haɗa ta da gwaggonmu: baffa da hannunsa ya kashe kansa.

Ranar manyan gidan sun yi abin da suke ganin shi ne daidai, suka rufa asiri. Ba na zaginsu, kunya da firgici ne suka yi musu jagora. Amma ga abin da rufin asirin ya haifa, kuma shi ya sa nake wannan rubutu.

Matarsa ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma a ɗakin da ba mai shiga sai da dalili. Dangin miji na raɗe-raɗin ita ta ƙuntata masa da gori, danginta na cewa tun farko ba su so auren ba. Tana fita takaba aka zo aka kwashe abin da ya rage na kayanta. 'Ya'ya huɗu aka raba su kamar goron ɗaurin aure: biyu wajen mahaifinmu, mace ɗaya wajen gwaggo, ƙaramin ya bi uwarsa ya zama agola a gidan wani. Babban ɗan, wanda muke ce wa Yaya, yana da shekara 12 a lokacin, kuma shi ya fara shiga ɗakin da safiyar nan. Ba wanda ya taɓa tambayarsa me ya gani. Abin da aka ce masa kawai, kai namiji ne, ka riƙe bakinka. Ya kuwa riƙe. Ya tashi yaron kirki abin misali, bai taɓa ko kallon sigari ba, salla a sahun farko. Sai dai ba ya barcin kirki, ba ya dariya, da ya yi aure kuma ya zama irin uban da idan ya yi sallama kowa sai ya nemi abin yi. Kuskure kaɗan ɗansa zai yi ya kama shi da duka kamar zai kashe shi, domin a fuskar yaron yana hango wani mutum da ya rantse ba za a maimaita ba. Mai bi masa shi ya ɗauki ɗaya hanyar: sigari a sakandare, wiwi a tasha, kwalbar maganin tari daga baya, yau yana nan ba ya amfanar kansa balle wani. Macen sau biyu ana kai maganar aurenta matakin bincike, sau biyu dangin saurayi na aiko da cewa a yi haƙuri, an duba ba alheri. Ita ba ta san dalili ba, ta ɗauka wani aibu ne a jikinta, har ta kai shekarun da ta karɓi wanda ya samu.

Sannan aka zo kan jika. Ɗan Yaya na fari, yaro mai ƙoƙari, yana aji biyu a jami'a aka gano yana shan ƙwaya. Ya daina zuwa lacca, ya daina wanka, yana kwana ido biyu ya yini a kwance. Wata rana ya ce wa uwarsa, Umma, ni dai na gaji, da ma ba a haife ni ba. Allah ya sa uwar ba ta ɗauke ta maganar yarinta ba, ta tayar da hankalin kowa har aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, ni na raka su. Likita ya yi tambayoyinsa, can ya ɗago kai ya dubi Yaya ya ce, a danginku akwai wanda ya taɓa fama da shaye-shaye, ko ciwon damuwa, ko wanda ya taɓa yunƙurin hallaka kansa? Yaya bai ko ƙifta ido ba ya ce babu. Ni ma da nake zaune a gefensa ban ce uffan ba. Ranar wanka ce, muka ɓoye cibiya.

Duk mai irin wannan shiru a gidansa ya sani ba shi kaɗai ba ne, kuma abin bai san talaka ko mai kuɗi ba, bai san Bahaushe ko Bature ba. A Amurka akwai gidan da duniya ta san labarinsa saboda shaharar ɗaya daga cikinsu, marubuci Ernest Hemingway, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1954. Mahaifinsa likita ne, ya kashe kansa a 1928. Ernest ya yi suna wajen shan giya kamar yadda ya yi suna wajen rubutu, har masu sha'awarsa suka mayar da shan nasa wani abin burgewa, alhali a ƙarshen rayuwarsa jiki ya lalace, damuwa ta yi masa katutu, rubutun ma ya gagara. A 1961 ya bi hanyar ubansa. Me matarsa ta gaya wa 'yan jarida? Ta ce tsautsayi ne, sai bayan shekaru ta amsa gaskiya. Su ma ke nan suna da tasu gajeriyar rashin lafiyar. Ƙanwarsa Ursula ta bi a 1966, ƙaninsa Leicester a 1982, jikarsa Margaux, wadda ita ma ta yi fama da giya, a 1996. Mutum biyar cikin shekara 68, daga kaka har tattaɓa-kunne. Ƙanwar Margaux, Mariel, ita ce ta ƙi yin shiru, ta fito tana ba da labarin gidansu a fili har aka yi fim a kansa a 2013.

Wani zai ce to ai gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A nan sai a yi hattara, domin maganar rabinta gaskiya ce, rabinta kuma guba. Gaskiyar ita ce jini yana da nasa kason. A 1973 wani likita mai suna Donald Goodwin da abokan aikinsa suka bibiyi yara maza a ƙasar Denmark waɗanda aka raba da iyayensu tun suna jarirai, wasu mutane dabam suka rene su. Suka tarar waɗanda aka haifa a tsatson mashaya sun ninka sauran kusan sau huɗu wajen faɗawa jarabar giya, alhali ba su taɓa ganin uban da kwalba a hannu ba. Binciken da aka yi ta yi a kan tagwaye daga baya ya nuna wajen rabin haɗarin daga halitta yake, sauran rabin daga abin da mutum ya tashi a ciki. Game da kisan kai ma, masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun duba bayanan mutanen ƙasar Suwidin na shekaru masu yawa, a 2010 suka bayyana cewa wanda uwarsa ko ubansa ya kashe kansa yana yaro ko matashi ƙasa da shekara 18, haɗarin ya bi sahu ya ninka na sauran yara kusan sau uku.

Gubar kuwa ita ce a ɗauki wannan a matsayin hukuncin da aka riga aka yanke. Mafi yawan 'ya'yan mashaya ba sa zama mashaya, mafi yawan marayun da iyayensu suka tafi ta wannan hanya suna rayuwa har tsufa. Abin da alƙaluman ke cewa daidai yake da abin da likita ke gaya wa wanda ciwon suga ya kashe ubansa: kai ka fi wani buƙatar kula. Wanda ya san akwai suga a gidansu yana rage zaƙi, yana zuwa gwaji. To yaya yaron da aka ɓoye wa tarihin gidansu zai kiyaye? Abokinsa zai kurɓi kwalba ya ajiye ya yi tafiyarsa, shi ya kurɓa ta riƙe shi, bai san dalili ba, iyayen da suka sani sun rantse ba za su faɗa ba. Mun yarda a yi gwajin sikila kafin aure, mun yarda a faɗi hawan jini a gaban suruki, amma wannan ɗaya mun gwammace mu kai shi kabari, mu bar jikoki su gano shi da jikinsu.

Abin da ya sa nake ganin lokacin kawaici ya wuce shi ne, a zamanin baffana sai mutum ya yi niyya, ya jira duhu, ya tafi Sabon Gari ko mami ko gidan burkutu a bayan gari kafin ya samu abin sha. Yau abin ne yake zuwa har ƙofar gida. Tun daga shekarar 2000 da jihohinmu suka ƙaddamar da Shari'a, muna kallon Hisbah tana tara kwalabe ana bi ta kansu da motar daddanne hanya, sai zuciyarmu ta yi sanyi mu ce an gama da giya. Giya ba ta tafi ko'ina ba, kaya ta sake. Ta koma 'yar leda da ake sakawa a aljihun wando, mai arhar da ɗan firamare zai iya saye da kuɗin tara, mai ƙarfin da ya ninka na kwalbar da ake fasawa. A farkon 2024 hukumar NAFDAC ta ce ta hana sayar da giya a leda da ƙananan robobin da ba su kai mililita 200 ba, masu kamfanoni suka yi ca, aka yi ta jan ƙafa. Wanda kuma yake ƙyamar sunan giya, an samo masa abin da ba ya wari: kodin a kwalbar maganin tari, tiramol, rochi, sholisho, da haɗe-haɗen da kullum ake ƙirƙiro musu sabon suna. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, wanda ake kamawa a hannun 'yan fasa-ƙwauri kuwa har da mai 225 da 250, kuma daga Kano har Maraɗi da Damagaram ba baƙo ba ne a wajen ɗan acaba da lebura da mai noman haya.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya, tsakanin shekara 15 zuwa 64, suka yi amfani da kayan maye a shekarar da aka duba. Wajen miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma suke, Kano kaɗai ta haura miliyan ɗaya. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Wannan lissafi bai ma haɗa da giya da sigari ba. Mai karatu ya tsaya kan maganar matan nan, domin ba 'yan tasha ake nufi ba, har da matan aure a cikin kulle, da amare, da zawarawa, masu aiken yaro kemis da kuɗi a dunƙule. Sai da BBC ta fitar da fim ɗin bincikenta kan kodin a ƙarshen Afrilun 2018 sannan gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, cikin 'yan kwanaki, kamar da can ba a san ana sha ba. Yanzu kowane ɗaya daga cikin miliyoyin nan a lissafa masa uwa, da mata ko miji, da 'ya'yan da ake kaɗawa ɗaki ana ce musu Baba ba ya jin daɗi. Irin gidan baffana ake shukawa a kowace unguwa, girbinsa kuma sai nan da shekara 20 ko 30.

Alaƙar maye da kisan kai ba ta da wuyar fahimta. Mutum yana sha don ya manta damuwa, giya kuwa da ƙwayoyin da ke kwantar da jiki suna danne ƙwaƙwalwa ne, idan suka sake shi sai damuwar ta dawo ta ninka, ga bashi, ga kunya, ga idon mutane. Sannan maye yana cire birkin da ke tsakanin tunani da aikatawa. Sau da yawa matsanancin halin da mutum ke shiga har ya yanke ƙauna ba ya daɗewa, sa'o'i ne ko ma mintuna, idan ya tsallake su sai ya wayi gari yana mamakin kansa. Mai hankalinsa garau yana iya tuna 'ya'yansa, ya tuna Lahira, ya fasa. Wanda ya yi tatul ba shi da wannan damar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 720,000 ke kashe kansu kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe irin namu masu ƙaramin ƙarfi, giya kuma ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai. Namu ba sa shiga lissafi yadda ya kamata, domin mun riga mun rubuta su a layin gajeriyar rashin lafiya.

Idan kuma abin ya fito fili har ɓoyo ya gagara, sai mu ruga inda zai ƙara lalacewa. Farko a ce sammu ne, a nuna kishiya ko abokin kasuwa, a buɗe sabuwar gaba a dangi. Daga nan a ce aljanu ne. Akwai abin da kowane gida mai mashayi ya kamata ya sani a nan: wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa kullum, idan aka tsayar da shi farat ɗaya, jikinsa na iya kama rawa cikin yini guda, ya yi ta gumi, wani ya faɗi yana farfaɗiya, a kwana na biyu zuwa na huɗu ya fara gane-gane yana surutai, yana ganin ƙwari da macizai a bango. Masu kallo sai su ce ga mutanen nan sun bayyana, a ƙara hayaƙi. Alhali jiki ne ke neman abin da ya saba, kuma wannan hali yana kisa idan ba a asibiti ake ba, inda ake janye mutum sannu a hankali da magani. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, asibiti ba ya hana addu'a. Amma kulle irin wannan mutum a ɗaki da kwaɗo, ko kai shi gidan mari, wasa da rai ne. Mun ga abin da 'yan sanda suka fito da shi a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, mutum fiye da 300, manya da yara, da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, sai ga irinsa a Daura da Katsina da Zariya. Mafi yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi duk wata. Na san ba mugunta ce ta kai su ba, rasa mafita ne, ga likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su kai 300 ba. Duk da haka asibitocin suna nan: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, da na Maiduguri, ga sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Abin da ya fi tsare mu daga ƙofarsu ba kuɗin mota ba ne, tsoron kada a gan mu ne a ce gidan wane akwai mahaukaci.

Doka ma ta taya mu ɓoyo. Sashe na 231 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba. Wato mutum ya kuɓuta daga bakin kabari, a tarbe shi da ankwa. Wace uwa ce za ta kai ɗanta asibiti ta faɗi gaskiya tana tsoron a kira ɗan sanda? Ghana ta soke irin wannan doka a 2023. A Janairun shekarar Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma ba ta goge wancan sashe ba. 'Yan majalisunmu da ke zuwa ta'aziyya da tawaga su san wannan aikinsu ne.

Malamanmu kuma, Allah ya ƙara musu daraja, ina roƙon su faɗi maganar duka. Giya haramun ce, kashe kai babban zunubi ne, ba mai jayayya, kuma a ci gaba da faɗa da babbar murya. Amma addinin da ya haramta giya a hankali ya haramta ta, mataki-mataki, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, domin Mahaliccin ɗan Adam ya san yadda sabo yake kama jiki. Buhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa ana yi masa haddi saboda shan giya, wata rana wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, ciwo ya tsananta masa a Madina har ya yi wa kansa lahanin da ya kashe shi, Annabi (SAW) ya roƙa masa gafara. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda ya kashe kansa Musulmi ne, ana yi masa wanka, a yi masa salla, a binne shi cikin Musulmi. Da wani ya zaunar da Yaya yana ɗan shekara 12 ya gaya masa cewa ya halatta ya roƙa wa ubansa gafara, da wataƙila ya samu barci. Ya girma yana jin wa'azin wuta kaɗai, yana lissafa ubansa a ciki, ba shi da wanda zai tambaya.

Kai maigida da kake sha a ɓoye, kana tauna kanumfari ko minti kafin ka yi sallama, kada ka yaudari kanka cewa ba wanda ya sani. Matarka ta sani, ɗanka na fari ya sani, ya san irin takunka idan ka sha, ya san ranar da zai ɓuya. Kana cewa jikinka ne, kuɗinka ne, ba ka cuci kowa ba. Baffana ma haka yake cewa, ga shi yaron da bai taɓa ganinsa ba, bai ma san sunansa sosai ba, yana kwance a gadon asibiti. Idan ka gwada bari ka kasa, ba ƙarancin imani kaɗai ba ne, ciwo ne ya kama ka, je ka ga likita tun da ƙafarka. Idan kuma har zuciyarka ta fara raya maka cewa iyalinka za su huta idan ba ka, to ƙarya take yi maka, ni na ga irin hutun, na ba ka labarinsa. Ka gaya wa wani yau, kafin dare.

Ku kuma na kusa, idan mutum ya fara cewa ya gaji da duniya, ya zama kaya a wuyanku, yana rarraba 'yan kayansa, yana neman yafiya ba tafiya a gabansa, ko ya daɗe cikin ƙunci sai kwatsam ya yi wani irin sanyi kamar wanda ya gama shawara, kada ku ce neman suna yake, kada ku rufe shi da a'uzubillahi ku tashi. Ku zauna ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, likitoci sun daɗe da tabbatar da haka, sau da yawa ma ita ce ke sauke masa nauyin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, musamman magungunan ƙwari da na feshin gona da muke ajiyewa a ƙarƙashin gado kamar man shafawa. Kada a raina wannan. Ƙasar Sri Lanka ta hana sayar da magungunan feshi mafiya haɗari, yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 daga 1995 zuwa shekaru ashirin da suka biyo baya, kuma noma bai tsaya ba. Bayan haka sai asibiti, ranar, ba sai an gama biki ko an karɓi albashi ba.

Masu binciken aure kuma ku ji tsoron Allah. Yarinya ba ta sha ba, ba ta kashe kowa ba, ku kuka sa iyaye suke ƙarya. Duk gidan da ya faɗi gaskiya kuka guje shi, kun koya wa gidaje goma su binne tasu, kuma cikin goman nan za ku je ku auro ba ku sani ba.

Ranar da muka kai yaron nan asibiti, bayan an ba shi gado, muka fito ni da Yaya muka zauna a kan benci a gindin wata darbejiya. Uwar yaron tana ciki. Mun fi rabin sa'a ba wanda ya yi magana, yana ta juya makullin mota a hannu. Can ya ce, kai ma ka sani ko? Na ce na sani, Yaya. Ya ce tun yaushe? Na gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya ce shi shekara 35 ke nan bai taɓa furta ta ga kowa ba, har matarsa. Aka kira la'asar muka yi salla a masallacin asibitin. Da muka idar bai nufi mota ba, ya koma ciki, na bi shi. Likitan yana haɗa takardunsa zai tashi. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula, abin da ban taɓa gani ya yi a gaban kowa ba, ya ce, likita, tambayar da ka yi mini ɗazu, akwai. Mahaifina ne. Likitan ya mayar da jakarsa ƙasa, ya jawo masa kujera, ya sake buɗe fayil ɗin yaron.